Gudan jini a huhu: jinyar gida ba ta kowa ba ce

Malam Edita,

Ina neman fili in ja hankalin masu karatu kan maganar jinyar gudan jini a huhu a gida. Gaskiya ne, a 2011 wani bincike da aka yi a Suwizalan, Faransa, Beljiyam da Amurka ya nuna cewa wanda ciwonsa bai tsananta ba ana iya sallamarsa cikin awa 24, ya ci gaba da jinya a gida. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ma ta yarda da haka a ƙa'idojinta na 2019.

Amma fa likita ne ke tantance wanda ya dace, bayan hoton CT da awon jini, bugun zuciya da numfashi. Mai juna biyu, ko wanda ƙodarsa ta raunana sosai, kwantar da shi ake yi. Magungunan tsinka jini irin rivaroxaban da apixaban kuwa sai an sha aƙalla wata 3, ga tsada, ga haɗarin zubar jini.

Tsorona kada wani ya ji ƙirji na suka, numfashi na sarƙewa, ya nufi kemis ya ce ai Turawa ma a gida suke yi. Wanda ƙauyensa ke nesa da asibiti, ba mota cikin dare, ni dai a ganina a bar shi a gadon asibiti.

Naka,
Mai karatu daga Zariya