Amsa ga Mushen da ya tambayi nawa aka ba ni

Assalamu alaikum, Mushe. Ina gajiya, ina iyali, yaya ɗalibai?

Tambayarka ta iso ni, ko da yake ba ni ka aiko wa ba. A Facebook ka baza ta, ka kuma maimaita ta a filin kiran waya na rediyo, inda ka tabbata duk Maraɗi za ta ji. Cewa ka yi: "Kai da ba ka taka ƙauyen ba, da wane baki kake ƙaryata ganau? Ko an cika maka aljihu ne ka rage gawawwaki?" Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan za ka karɓi amsa.

Ga wanda bai bi zancen ba: ƴan bindiga sun afka wa wani ƙauye na bakin iyaka cikin dare. Da safe wata murya ta karaɗe WhatsApp, mutum yana haki, yana cewa an gama da garin, har da adadin mamata. Da rana na ba da labarin da adadin da bai kai nasa ba, na kuma ce ba mu tabbatar da abin da muryar ta faɗa ba. Laifina ke nan.

Zancen aljihu bai dame ni sosai ba. Ka san gidan da nake haya, ka sha ganina ina tura babur a Ali Ɗan Sofo saboda mai ya ƙare. Idan saye na aka yi, to, mai sayen bai biya ba tukuna. Abin da ya hana ni barci shi ne "rage gawawwaki". Mushe, waɗannan mutane ne, suna da uwaye, wasu na san danginsu. Ka dubi idon jama'a ka ce ina goge mamaci daga lissafi don a ba ni na goro? Mun yi zaman makoki tare da kai ba sau ɗaya ba, ban zaci wannan daga bakinka ba.

To, mu je ga ganau ɗin naka. Ka sake sauraren muryar, wannan karo da kunnen malamin lakwal mai gyaran takardun jarrabawa. Da "yanzun nan aka kira ni" ya fara. Daga nan sai "an ce", sai "wai". A bayansa kana jin ƙahon kabu-kabu da ƙarar injin niƙa. Wane ƙauye ne aka ƙone cikin dare ake niƙa a cikinsa da safe? Na bi sawun muryar daga waya zuwa waya har na samu mai ita. Mutumin kirki ne, ba maƙaryaci ba, amma a cikin garin nan ya kwana. Wani direba ne ya kira shi daga tasha, shi kuma direban ya ji daga wata mata da ya ɗauko a hanya.

Ita na nema, na same ta a gidan ƴar'uwarta, ƙafafunta duk kaushi da sartsen ƙaya, takalmi ɗaya ta iso da shi. Ta ga fitilun babura. Ta ga wuta ta kama rumbun maƙwabcinta, ta ga shi kansa ya faɗi a bakin ƙofa. Daga nan ta saɓa goyonta ta faɗa cikin gero, ba ta waiwaya ba har gari ya waye. Da na tambaye ta mutum nawa aka kashe, sai ta dube ni kamar na zautu, ta ce, "Ɗana, wa ya tsaya ƙirga?" Duk abin da ta gani na sa a labarina, ban taɓa ko kalma ba. Adadin nan da kake rantsuwa da shi bai fito daga bakinta ba, a hanya aka haife shi, tsakanin tasha da wayar mutuminka.

Gani ya kori ji, haka ne, amma ganin me? Wanda ke gudun ransa cikin duhu shaida ne a kan tsoron da aka sha da kuma abin da ya faru a gabansa. Ba shi ne shaida a kan jimilla ba. Ita jimilla tana wurin limamin da ya sallaci gawa, da samarin da suka haƙa kaburbura, da manjon likita da ya rubuta sunayen masu rauni, da maigari wanda ya san gida-gida wa ke nan, wa ba ya nan. Su na kira, kowa daban, ba tare da na gaya wa ɗaya abin da ɗayan ya ce ba. Ko a wurin maigari sai da na yi hattara, domin "ba a gan shi ba" daban, "ya rasu" daban. Wani an tafi da shi daji, wani yana ɓoye a gona, washegari ya fito. Muryar mutuminka duk ta haɗa su ta binne.

Ba yau muka fara ganin haka ba. Ka tuna Nuwamban 2021. Ranar Lahadi 7 ga wata ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa, aka ba da labarin gawa 18. Wannan adadin waɗanda aka ciro ne, kuma mai hankali ya san ba lalle ne ya zama adadin waɗanda ƙasa ta danne ba. Washegari Litinin gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a nan cikin gari. Da rana tsaka, a gaban ɗaruruwan idanu, amma manyan kafofin duniya wasu suka ce yara 25, wasu 26. Idan a tsakiyar Maraɗi an samu saɓani, ina ga ƙauyen da ba lantarki, cikin dare, ana harbi?

Ka ce shafuka biyar sun kawo adadin mutuminka. Na gani. Dukansu daga muryar nan suka kwasa, har da kuskuren sunan ƙauyen. Guga biyar a rijiya ɗaya, ruwa ɗaya ne.

Ka kuma yi shaguɓe cewa ni ɗan amshin shatan hukuma ne. Ni da na yi aikin nan a 2005, lokacin da cibiyoyin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a Maraɗi suka cika da yara masu tamowa, shugaba Tandja Mamadou kuma yana gaya wa BBC cewa babu yunwa a Nijar? Tun sannan na san sanarwar hukuma hujja ce a kan abin da hukuma ta faɗa, ba a kan abin da ya faru ba. Da awon da na auna muryar mutuminka nake auna tasu: wa ya gani, daga ina, me zai samu idan an yarda da shi.

Abin mamaki, kai ka fi ni sanin wannan. Ka yi karatun zaure. Ka san malaman hadisi ba sa karɓar "an ce" sai sun bi isnadi mutum-mutum, sun tambaya ko wane ya riski wane, kuma sukan ajiye ruwayar salihin mutum idan riƙonsa ba shi da ƙarfi, ba tare da sun kira shi maƙaryaci ba. Me ya sa da an zo kan waya sai ka manta? Ko don na lura duk ranar da aka yi ɗanyen labari mabiyan shafinka ƙaruwa suke? Ban ce komai ba, zato zunubi ne. Da ma kai ma ka tuna da haka kafin ka yi nawa.

Ku masu turawa ba ku ganin abin da ke biyo baya. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji da Madarunfa, zukatan jama'a a tsinke suke. Murya ɗaya ta isa ta tashi ƙauyen da ba a taɓa ba, a bar hatsi a gona. Ɗan ci-rani a Agadas ko Libiya ya kwana yana kukan uban da ke raye. Wani ya liƙa tsohon hoton wata ƙasa, ku ce "Innalillahi" ku tura gaba. Mu kuwa muna tsakiya: jami'i ya kashe waya, mai gidan rediyo ya ce babu kuɗin mai, dokar laifukan intanet ta 2019 tana rataye a kanmu, a watan Disamban 2024 ma an dakatar da BBC wata uku a kan labarin wani hari da adadin mamatansa. Idan na faɗi adadin da ba zan iya karewa ba, ni za a kira, kai kana aji kana koyar da lissafi.

Idan kana da sunan mamaci ko ɗaya da babu a lissafina, kawo shi da sunan mahaifinsa da unguwarsu. Zan je in tabbatar, in karanta shi da bakina a labaran yamma, in kuma ce kai ka kawo. Idan babu, filin kiran wayar da ka yi zancen aljihu yana nan, lambar ba ta canza ba.

Ka gaida gida.