Harajin Kirifto: Kyauta Daban, Riba Daban

Ya Edita,

A nan Agege ana ta yaɗa cewa duk wanda kirifto, wato kuɗin intanet, ya shigo wayarsa sai ya biya haraji. Ba haka abin yake ba. Ƙanena yakan turo USDT, wani kirifto mai bin darajar dalar Amurka, daga Dubai don cefanen Hajiya, wannan kyauta ce, babu haraji a kanta.

Ribar saye da sayarwa ce ake bi. Dokar 2023 ta ɗora mata kashi 10 cikin 100. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 kuwa ta haɗe ta da sauran samun mutum, amma ba a taɓa naira 800,000 na farko a shekara.

To, yaya ma'aikacin LIRS, hukumar tara haraji ta Jihar Legas, zai bambance kyauta da ciniki a wayar ɗan kasuwa irina da ba ya ajiye rasit? Don Allah su fito rediyo su yi mana bayani da Hausa.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas