Kwamfutar baƙonku ba ta san mai girki ba

Ranka ya daɗe Edita,

Tun daren da kuka saka hirar nan kan makamashin girki nake cike da haushi, na kasa haɗiyewa. Baƙon naku, wani Dakta, ya yi ta nanata cewa lissafi ya nuna, lissafi ya nuna, wai nan da 2050 ƙasashe masu tasowa za su bar itace da gawayi su koma gas da lantarki, tunda kwamfuta ta auna ta ga hakan ya fi araha. Mai gabatarwa kuwa sai gyaɗa masa kai yake yi. Ko sau ɗaya bai tambaye shi daga ina aka samo alƙaluman da aka ɗura wa kwamfutar ba.

Ni na sani, don ni na riƙe takardar. Shekara uku na yi ina bin gida-gida ina cike takardun tambayoyi na wani shirin raba murhun zamani. Akwai gurbin yawan mutanen gida, akwai na kuɗin shiga a wata, sai gurbi ɗaya tak na abin da ake girki da shi. To matar da ke gabana da uku take aiki: gas idan ana sauri da safe, gawayi idan gas ya ƙare, itace idan za a ɗora babbar tukunya. Na kai wa shugabanmu maganar, ya ce in zaɓi ɗaya kawai, manhajar ba ta karɓar biyu. Kuɗin wata kuma? Mutumin da sai ya fita yake samun na yau, me zai ce maka yana samu a wata? Ƙiyasi muke yi mu rubuta. Kuma babu inda aka tambayi wa ke riƙe da kuɗin gidan, alhali mai shaƙar hayaƙin daban, mai yanke shawarar cika tukunyar gas daban.

Bayan wata shida muka koma dubawa. Akwai gidan da ba na mantawa: murhu sabo fil, an kife shi a lungu an ɗora masa bokitin ruwa. Ya yi wa tukunyar matar gidan kaɗan, ga baki goma sha ɗaya tana ciyarwa. A rahoto an saka gidan cikin waɗanda suka sauya. Da hannuna na yi alamar, har yau abin yana ci mini rai.

Irin waɗannan alƙaluman ake zuba wa manhajojin tsara makamashi irin su TIMES da OSeMOSYS, su kuma aikinsu nemo hanya mafi araha, sai a ɗauka jama'a za su bi kamar an kaɗa tumaki. Indiya ta fara raba wa mata marasa ƙarfi tukunyar gas a 2016 ƙarƙashin shirin Ujjwala, amma gidaje da yawa sun koma itace saboda kuɗin sake cikawa ya gagare su. A Oktoban 2019 shugaban Ekwado na lokacin, Lenin Moreno, ya cire tallafin mai a ƙasar, lissafi ya ba shi gaskiya, bai cika mako biyu ba zanga-zanga ta sa ya janye. Afirka ta Kudu an yi mata alkawarin dala biliyan 8.5 a taron sauyin yanayi na Gilasgo na 2021 don ta rage kwal, yawancinsu bashi ne, aka rufe tashar lantarki ta Komati mai aiki da kwal a 2022, mutanen garin suna tambayar ina aikin da zai maye musu. Wanne daga ciki kwamfutar Dakta ta hango?

Kada a ce ina kare itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma na ga idanun matan nan jajur. Shi ya sa raina ya ɓaci. In za ku sake shirin, ku zaunar da mai girki da mai sayar da gawayi kusa da Daktan, ya yi musu bayanin lissafin nasa ido da ido.

Sannan don Allah ku gyara layin kiran nan naku. Sau huɗu ina kira, da ya shiga na yi sallama sai aka katse ni aka saka talla, kuma an ci mini kati.

Naku,
Mai sauraronku na kullum