Zuwa Ga Yaya, Kan Maganar Hoton Nan

Bronx, New York
Watan Satumba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Inna, ya damina, ya ƙoƙari? Ka ce mata ina nan ƙalau, ba abin da ke damuna sai kewarta. Na gwammace in rubuto maka da in yi saƙon murya, don shi saƙon murya ƙafa gare shi, kafin ka ankara ya isa gidan Kawu an ƙara masa gishiri. Ka karanta wannan kai kaɗai, sannan ka karanta wa Inna wuraren da suka shafe ta.

Maganar kuɗi tukuna. Na turo dala 450 ta hannun mutumin nan na Kano da muka saba, zai kira ka kafin Juma'a. Dala 150 na Inna ne, maganin hawan jini da kuɗin ganin likita, kada a taɓa su da sunan aro ko na kwana ɗaya ne. Dala 200 kuɗin makarantar Auta ne. Ka je makarantar da ƙafarka ka biya, ka karɓo rasit, ka ɗauki hotonsa ka turo mini. Kada ka ba Auta kuɗin a hannu. Ragowar 100 a sayi buhunan ajiya masu leda a ciki, a biya masu karyar masara.

To, sai maganar da ta hana ni barci. Gwaggo ta kira ni tana kuka, wai an nuna mata hotona a waya, ina tsaye bakin ruwa kusa da wata mace, bayana gonar inabi. Wai magana ta zaga unguwa cewa na sayi sabuwar mota, na yi aure a ɓoye, ina yawon shaƙatawa a inda ake yin giya, uwata kuwa rufin ɗakinta na yoyo. Yaya, kai ma ka ji wannan ka yi shiru? Kai da ka san abin da nake turowa kowane wata? Wallahi shirunka ya fi maganar tasu yi mini ciwo.

Ga yadda aka yi. Motar da ke hoton ita ce dai wadda nake aiki da ita, har yau ban gama biyan bashinta ba. Matar kuwa uwargidan Alhajin da muke sallah tare ce, mutumin Kumasi, ta kusa haihuwata. Ɗansu ya samu gurbin karatu a jami'ar Cornell da ke garin Ithaca, suna so su kai masa bargo da tukunya da yaji kafin sanyi ya shigo, shi kuma Alhaji idonsa ba ya ba shi tuƙin nesa. Litinin ta farko a watan Satumba hutun ma'aikata ce a nan, sai ya roƙe ni in kai su. Shi ya zuba mai, shi ya biya ɗakin kwana. Dafa-duka da soyayyar kaza Hajiya ta cika kula da su tun daga gida. Abin da na kashe daga aljihuna bai kai kuɗin cefanen yini guda ba. Ka faɗa wa Gwaggo haka, kuma ka faɗa a gaban ɗanta, don na san daga wayar wa hoton ya fita.

Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin tafiyar, kuma ba zan nemi gafarar kowa a kan haka ba. Tun da na zo ƙasar nan, Amurkar da na sani ita ce danja da cunkoso da filin jirgi da bayan kan fasinja a madubi. Ban san akwai wata Amurkar a bayan gari ba. Bayan asuba muka haye gadar George Washington, muka ɗauki hanyar da ta ratsa duwatsun Catskill ta bi ta Binghamton, tafiyar kusan awa biyar. Gine-gine suka ƙare, sai daji kore shar, sai gonakin masara, sai shanu, sai ƙananan garuruwa masu titi ɗaya da coci ɗaya da gidan mai ɗaya.

Yankin ana ce masa Finger Lakes. Tafkuna ne guda 11, dogaye sirara, a jere, kowanne ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Ithaca na bakin na Cayuga. Wanda ke hoton shi ne na Seneca, tsawonsa kilomita 61, ya fi nisan Funtuwa zuwa Malumfashi, zurfinsa kuma mita 188. Saboda zurfin nan da wuya ya daskare gaba ɗaya, duk tsananin sanyin da ake yi. Na sa ƙafata a ciki, ruwan garau har kana ganin tsakuwa. Inabin da ake ta magana a kai kuwa, gangaren tafkin duk gonakinsa ne, haka ƙasar take. Gaskiya ne suna yin giya da shi. Mu a bakin hanya muka tsaya muka yi sallar azahar da la'asar a kan ciyawa, ƙasaru, aka ɗauki hoto, muka wuce. Ko ƙofar wurin ban gani ba.

Yaron ne ya dage sai mun je wani wuri a garin Watkins Glen, a ƙarshen tafkin ta kudu. Kwazazzabo ne da ruwa ya yanka cikin dutse, an yi masa hanyar ƙafa tana bin rafin, matakala 832, ruwa na zubowa daga sama a wurare 19. Akwai inda hanyar ke bi ta bayan ruwan, kana tafiya yana zuba a gabanka, rigarka na jiƙewa. An ce bayan wata ambaliya ta 1935 gwamnati ta ɗebo samari marasa aikin yi suka sake gina matakalar da dutse, ga ta nan har yau ba ta motsa ba. Da na ji haka Auta ne ya faɗo mini a rai, zan zo kan maganarsa. Alhaji da Hajiya a ƙasa suka zauna. Ni na ce ai ɗan Funtuwa ba ya jin tsoron tudu. Matakala 180 na ƙarshe sun nuna mini zaman mota ya cinye mini gwiwa, tsofaffin Turawa da sanduna suna wuce ni suna yi mini sannu. Kada ka faɗa wa Inna wannan, ba wani ciwo ba ne, na shafa man zafi ya wuce. Bayan ma da sauƙi yanzu.

Mun kuma ga wani ruwan a Taughannock, kusa da Ithaca, yana faɗowa daga tsayin mita 66, ya fi shahararren ruwan nan na Niagara tsayi, sai dai a ƙarshen zafi siriri ne. Abin da ya ba ni dariya, ashe a ƙarƙashin tafkin Cayuga ake haƙo gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Gishirin da ke cinye mini ƙarƙashin mota duk shekara, na je har gidansu.

Yanzu ka saurara da kyau, don nan ce maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A hanyar dawowa muka bi ta wani ƙaramin gari, Penn Yan, a bakin tafkin Keuka. Wajen nan akwai wasu manoma Kiristoci da ake kira Mennonite. Ba sa tuƙa mota, keken doki suke hawa a gefen titi, ko keke. Matansu na rufe kai, rigunansu har ƙasa. A tsakaninsu wani irin Jamusanci suke yi. Tarakta suna da ita, amma ƙafafunta na ƙarfe ne ba roba ba, don kada a mayar da ita abin hawa zuwa gari. Daga jihar Pennsylvania suka fara tasowa a shekarun 1970, saboda ƙasar noma ta yi tsada a can, kuma burin kowane uba ya bar wa kowane ɗa gona. Suka zo suka riƙa sayen gonakin da 'ya'yan masu su suka gudu birni suka bari. Yau je ka ga wurin. A bakin hanya sun jera masara da tumatur da kabewa a kan tebur, ba mai tsaro, sai akwatin da za ka jefa kuɗi ka ɗauki kayanka. Muka sayi masara ɗanya, Hajiya ta ce rabonta da irin wannan tun Kumasi.

Na tsaya ina kallon wani yaro da bai wuce sa'ar babban ɗanka ba yana taya ubansa lodin ciyawa, sai na ji kunya ta kama ni. Su a tsakiyar Amurka sun riƙe gona, ni na bar ta Baba na zo ina jigilar mutane zuwa filin jirgi. Na san kuɗin nan su ke sayen maganin Inna, na sani. Duk da haka abin ya tsaya mini a wuya har muka iso gida.

Saboda haka, Yaya, gonar fadama ba ta sayarwa ba ce. Na ji Kawu ya sake kawo mai saye, yana cewa ba tsaro, gara a karɓi kuɗi tun tana da daraja. Ban raina maganar tsaro ba, ina bin labarin abin da ke faruwa wajen Faskari da Dandume, wani lokaci a cikin mota nake karantawa in kasa tuƙi. In bana ba ta nomuwa a bar ta ta huta, ko a ba wani aro da shaidu. Amma sayarwa a'a. Ina da rabo a ciki, Auta na da rabo, 'yan'uwanmu mata na da rabo, kuma ban wakilta kowa ya sa hannu a madadina ba. Sunayen tafkunan nan da na lissafa maka, Seneca da Cayuga, sunayen ƙabilun da ke da ƙasar ne tun asali. A 1779 sojojin Amurka suka ƙone musu garuruwa da gonakin masara, daga baya ƙasar ta fita hannunsu, yau sunansu ne a allon hanya, gonakin na wasu. Su da ƙarfi aka raba su da tasu. Mu kuma da hannunmu za mu miƙa? Ka ba Kawu girmansa, ka yi masa magana a hankali, amma takardar gonar ta zauna a akwatin Inna.

Kai ma don Allah ka daina kaiwa yamma a gona ta nesa. La'asar ta yi maka a gida.

Sai Auta. An ce ya fara zama wajen masu cacar ƙwallo a waya, kuma yana cewa shi karatu ya ishe shi, jira yake in ɗauko shi. Ka faɗa masa ba ni da hanyar ɗauko kowa, ni kaina lallaɓawa nake. Kallon kitse yake yi wa rogo. Yaron da muka kai wa kaya, ubansa a wankin kwanuka ya fara a ƙasar nan, shi kuma karatu ne ya kai shi inda yake, ba wani ne ya ɗauke shi ba. In Auta ya gama wannan zangon da sakamako mai kyau zan sai masa wayar da yake so. In ya sake tsallake aji, ko sisi. Kuma na sake faɗa, kuɗin makarantar nan kada su bi ta hannunsa.

Rufin ɗakin Inna kuwa, me ya sa sai daga bakin Gwaggo zan ji yana yoyo? Ka kira mai gyara ya duba, ka turo mini lissafin kwano da ƙusa da kuɗin aiki. Ba zan iya a wannan watan ba, inshorar mota ta zo, kuɗin haya ma an ƙara. Ba komai, aiki na buɗewa idan makarantu suka koma. Wata mai zuwa in sha Allahu. Kafin nan a mayar da ita ɗakina, ai a rufe yake, mabuɗin na wajen matarka.

Masarar bana kada a yi gaggawar kai ta kasuwa da kaka. A bar ta ta bushe sosai, a zuba a buhunan nan, a ɗaure bakin ledar da kyau, a jira farashi ya tashi. Buhu biyu a kai gidan Gwaggo, duk da abin da ya faru.

Ka gaishe da Inna, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka, kuma ta sha maganinta kullum, ba sai ranar da kanta ya yi ciwo ba. Ka gaishe da matarka da yara, da Kawu, da liman. Da zarar mutumin Kano ya kira ka, ka yi mini filashin. Ina jiran hoton rasit.

Wassalam,
Ƙaninka