Allurar Rocephin ta zama ta kowa da kowa a kemis

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan allurar seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya wadda aka fi sani da Rocephin, don yadda ake dirka wa mutane ita a kemis abin ya fara ba ni tsoro.

Yanzu mutum na cewa jikinsa da zafi sai a ce taifod ne, an yi gwajin jini na taifod da ake kira Widal ko ma ba a yi ba, a fasa kwalba a yi masa guda ɗaya ko biyu daidai kuɗin aljihunsa, yana jin dama-dama shikenan ya daina zuwa. Alhali ba ta maganin maleriya, ba ta maganin mura. Babba ana ba shi giram 1 zuwa 2 a rana ne na kwanakin da likita ya yanke, yaro kuwa sai an ɗora shi a sikeli don da nauyinsa ake lissafi, to mai kemis nawa ne ke da sikelin?

Ga kuma hatsarin da ba a faɗa wa mutane. Wanda penisilin ke tayar wa da borin jini, in an yi masa ita zai iya kumbura numfashi ya sarƙe nan take, a shago kuwa wa zai ceto shi. Jariri sabon haihuwa mai shawara ba a yi masa ita. Ba a haɗa ta da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam irin Ringer's. In kuma an dama ta da lidoken, maganin kashe zafin allura, don allurar ɗuwawu, to haramun ne a tura wannan haɗin a jijiya, ta jijiyar ma a hankali ake turawa, ba fuuu ba kamar ana sauri a rufe shago.

Abin da ya fi damuna, ita ce fa ake ceto yaranmu da ita lokacin sanƙarau in zafi ya shigo. A Pakistan tun 2016 aka samu taifod da ba ya jin ta a lardin Sindh, kuma irin wannan wasan ne ke jawo haka.

Ina roƙon NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna ta PCN su leƙa shagunan unguwanni, a hana sayar da ita sai da takardar likita.

Naku,
Mai karatu daga Gusau