Zuwa ga Dogo, kan maganar jirgin Alaska

Assalamu alaikum, mutumin Zazzau.

Da fatan kana lafiya, da uwargida da yara, da Baba. Saƙonka na murya ya iso. In aka cire dariya da zagin Kanawa, tambaya ɗaya ce ta rage a ciki: wane kamfanin jirgin ruwa za ku bi in Allah ya kawo ku bikin kammala karatun 'yarka baɗi. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mun dawo lafiya, alhamdu lillahi, kuma Hajiya ta ga ƙanƙara da idonta. Matar da ta rantse ba za ta hau ruwan da ba a hango gaɓarsa ba, ita ce ke tashin mu da asuba, ta yafa bargo a kan hijabi, wai kada a wuce wani abu tana barci.

To, ga abin da zan faɗa maka, ka riƙe shi ko da ka manta sauran. Kada ka fara da kallon hoton jirgi. Buɗe jadawalin tafiyar ka duba ko an rubuta Glacier Bay. Wurin mashigin teku ne mai kogunan ƙanƙara, gandun gwamnatin Amurka, kuma manyan jirage 2 kaɗai ake bari su shiga a rana, saboda haka izinin shiga ba kowane kamfani ke da shi da yawa ba. Princess da Holland America su suka daɗe a harkar, su suka fi kowa yawan ranaku. Wasu jiragen Norwegian ma suna shiga. Sauran sukan kai mutane Hubbard ko Endicott Arm. Hubbard ba abin rainawa ba ne, tsawonsa ya kai mil 76, babu kogin ƙanƙarar da ke faɗawa teku a Arewacin Amurka da ya kai shi. Amma mashigin Endicott matsattse ne, in gutsattsarin ƙanƙara suka cika ruwan, matuƙin yakan juya tun daga nesa. Abin da ya sami Kawu ke nan bara, da ya bi wani kamfani saboda araha. Ya dawo da hoton wani farin abu can ƙarshen ruwa, har yau yana rantsuwa ƙanƙara ce.

Mu da safe wani ƙaramin kwalekwale ya matso jikin jirginmu, jirgin bai ko tsaya ba, ma'aikatan gandun suka hauro ta tsanin igiya. Su suka yini suna bayani ta lasifika. A 1794, da Kyaftin George Vancouver ya bi ta wurin, babu wani mashigin kirki, ƙanƙara ce ta toshe shi kusan har baki. Yau sai ka yi tafiyar mil 65 a ruwa kafin ka kai inda ta ja da baya. Asalin ƙasar ta mutanen Tlingit ce, kuma ƙanƙarar ce ta kore su daga garuruwansu lokacin da ta turo, ba da daɗewa ba kafin zuwan Turawan. Hajiya ta sa na maimaita mata wannan da Hausa, ta ce ashe gudun hijira ba sai an yi yaƙi ba.

A gaban kogin ƙanƙarar Margerie jirgin ya tsaya wajen awa guda, yana juyawa a hankali don kowane ɓangare ya gani. Bango ne na ƙanƙara, faɗinsa kusan mil 1, tsayinsa ya kai ƙafa 200 a saman ruwa, kuma ba fari tas ba ne, akwai shuɗi a ciki da baƙin tsakuwar da ya kwaso daga duwatsu. Sai ka ji ƙara irin ta 'yan bindigar Sarki ranar Hawan Daushe, kafin ka waiga wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa ruwa. Ƙarar tana isowa bayan abin ya riga ya faɗi, don haka mai jiran ya ji kafin ya ɗaga waya ba zai ɗauki komai ba. Auta ya fashe da kuka, Hajiya tana ta tasbihi, ni kuwa ina tunanin da kana nan da ka ce wai a Kufena ma akwai irinsa.

Af, Baban Gida ya kira ni kan maganar filin nan. Na ce masa ba ruwana, kai ne shaida. Ka shirya.

Abu na biyu, daga ina jirgin ke tashi. Mu daga nan Siyatil muka tashi don ƙofar gida ce. Amma jiragen Siyatil galibi suna bi ta bayan tsibirin Bankuba, cikin buɗaɗɗen teku, kuma ranar farko uwargida ba ta iya ɗaga kai ba saboda jiri. Na garin Bankuba na Kanada suna bin ta ciki, tsakanin tsibirai, ruwan a kwance. Kai da mota ma ke sa ka amai tsakanin Zariya da Kaduna, ka san wanda ya dace da kai.

Ko ta ina ka bi, bizar Kanada ba ta da makawa ga mai fasfo ɗin Najeriya. Akwai wata doka ta 1886 da ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa ya yi jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka kawai, kuma kusan duk manyan jiragen nan rajistarsu a waje take. Shi ya sa na Siyatil ke tsayawa Biktoriya ta Kanada 'yan awanni a daren ƙarshe. Ko ka ce ba za ka sauka ba, ba za su bar ka ka hau ba in babu ita. Ta Hajiya mun nema da wuri. Ka fara taka tun yanzu, kada ka yi irin na aurenka da aka kai lefe ranar ɗaurin aure.

Maganar yara kuma, gaskiya manyan jiragen Royal Caribbean da Norwegian sun fi kayan wasa. Norwegian Bliss har filin tseren ƙananan motoci gare shi a sama, yana ɗaukar mutum wajen 4,000. Holland America na dattawa ne, shiru, shayi da kiɗa mai sanyi. Disney ba ya da gidan caca ko kaɗan, abin da zai yi wa Malama daɗi, amma kuɗinsa sai ka sayar da gonar Shika. A ganina yaro zai sami wurin wasa a ko'ina, Margerie kuwa ba a kowace tafiya ake ganinta ba.

Kuɗin da ka gani a talla ba shi ne kuɗin ba. Kusan duka kamfanonin suna ƙara ladan ma'aikata, dala 16 zuwa 20 kowace rana a kan kowane mutum, har da yara. Intanet daban, yawon gari daban. Za su yi ta tallata maka haɗakar abin sha, mafi yawanta giya ce, ka ce a'a. Naman halal ana nema tun kafin tafiya da makonni. Mu kifi muka yi ta ci, har Hajiya ta ce in ta sake ganin kifi kafin Babbar Sallah za ta yi fushi da ni.

Salla ce ta fi ba mu aiki. A watan Yuni rana takan yi awa 18 a Juno, babban birnin Alaska, sha ɗaya na dare gari bai gama duhu ba, ga alƙibla kusan arewa take, ga jirgi yana juyawa. Mun yi ƙasaru da jam'i. Juno ɗin nan, babban birnin jiha guda, babu titin mota da ke shiga, sai ta ruwa ko ta sama. Tun 2024 sun taƙaita manyan jirage zuwa 5 a rana, amma duk da haka ka ga cunkoso a bakin tasha. A garin Skagway ku hau jirgin ƙasan White Pass, wanda aka gama shimfiɗa wa dogo a 1900, zamanin tururuwar neman zinariya. Wannan kada ka yi rowa.

Wai da gaske ne Alhaji Ƙarami ya ƙara aure? Uwargida ta gani a WhatsApp na matan unguwa, ni ban yarda ba sai na ji daga bakinka. In haka ne, ka faɗa min 'yar gidan wa ce, da kuma yadda Yaya ta karɓi labarin.

In za ku taho ka zo min da kuka da daddawa da yajin Malama. Kilishi kada ka soma, za a ƙwace a filin jirgi. Ka gaida Baba da kyau, ka ce ina nan ina neman maganin gwiwar da ya ce.

Naka,
Bakanon da ya fi ƙarfinka