Ku Gyara Rubutun Jagorarku: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kamfanin da Ke Yin Manhajar Girkawa

Zuwa ga shugabannin kamfanin, musamman mai kula da sashen rubuta jagora,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa, na so a ce maganar nan ta ƙare tsakanina da ku a shafinku na karɓar ƙorafi. Sau biyu ina aikowa can. Na farko ba a tanka ba, na biyu aka rufe shi da jimla ɗaya. Shi ya sa na fito fili. Ban kama sunanku ba, amma in kun karanta za ku gane kanku.

Na daɗe ina amfani da manhajarku wajen girka kayan aiki a kan kwamfutoci, kuma tsakani da Allah tana aiki yadda ya kamata. Ƙorafina a kan jagorar da ke koya wa mutum amfani da ita ne.

Kwanakin baya na zauna da dare zan haɗa sabuwar saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima ta hanyar sadarwa. Na buɗe shafinku, na bi mataki na 1, na 2, na 3, lafiya lau. A mataki na 4 na kwafi umarnin kamar yadda kuka rubuta, na liƙa, na danna. Manhajar ta ce ba ta san zaɓin –prefix ba. Na sake kwafa, ta maimaita. Na karanta kalmar harafi bayan harafi, ban ga aibu ba. Na zargi sigar da na sauko da ita, na goge, na sauko da wata. Na zargi kwamfutar. Har kaina na zarga. Sai da na ƙara girman rubutun shafin sosai sannan na ga abin: inda ya kamata a sami gajerun karan ɗori guda biyu, wato --prefix, dogo ɗaya ne kwance a wurin. Wanda ya rubuta shafin ya yi aikin a manhajar buga takardu, irin wadda ke haɗe kara biyu ta mai da su ɗaya don kyan gani. Haka ta yi wa alamomin zance, ta lanƙwasa su, ita kuwa tagar umarni miƙaƙƙu kawai ta sani. Ido ba ya raba su. Kwamfuta na rabawa.

Mu da muke rubutu da Hausa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Lanƙwasa ɗaya ce tsakanin baki da baƙi, tsakanin kafa da ƙafa. Sai dai mai karatu yana duba abin da ke gaba da baya ya gane nufin marubuci, ya yi masa uzuri. Kwamfuta ba ta uzuri.

A shafi ɗaya kun ce a ƙirƙiri fayil mai suna Config.yaml, a na gaba kun kira shi config.yaml. A kan Windows wannan ba ya hana komai tafiya, ina jin shi ya sa marubucinku bai lura ba. A kan Linux babban baƙi daban, ƙarami daban, don haka fayil biyu ne da ba su san juna ba. Manhajar ta nemi nata ta rasa, ta ci gaba da saitinta na asali ba tare da ko tari ba.

Wanda ya fi ci mini rai yana sashen sabuntawa. Jimlar Turancin cewa take a kwafi fayil ɗin zuwa cikin foldar, sannan a goge "it". Wane ne "it"? Da Hausa aka rubuta, jinsi zai raba gardama, ko dai goge shi, ko goge ta. Turanci bai ba ku wannan gatan ba, don haka wajibi ne marubuci ya sake ambatar sunan abin. Bai ambata ba. Na yi canke, na canki kuskure, na goge foldar da saitunan da ke cikinta. Allah ya taimake ni ina da kwafin ajiya. Na san ba kowa ke da shi ba.

Duk waɗannan na tattara, da wasu ƙanana irin su harafin da ya tsallake da waƙafin da ya sauka inda ba muhallinsa ba. Ban tsaya ga nuni ba, na rubuta gyaran kowane layi na aiko muku, abin da ya rage kawai wani ya duba ya karɓa. Amsar da ma'aikacinku ya ba ni ita ce wannan gyaran kwalliya ne, ba ya cikin abubuwan gaggawa.

Yallaɓai, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A shekarar 2011 akwai wata manhaja mai suna Bumblebee, wadda masu Linux ke amfani da ita don sarrafa katin hoto na Nvidia a kwamfutocin tafi-da-gidanka. A cikin rubutun girkawarta an so a goge wata ƙaramar folda da ke can cikin /usr. Sai tazara ɗaya ta shiga bayan /usr ɗin, umarnin ya karye biyu, ya share /usr ɗungurungum, inda yawancin manhajojin kwamfutar suke. Tazara ɗaya tak. Ku gaya wa waɗanda abin ya shafa cewa kwalliya ce.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari, kuma yana cikin shafinku yanzu haka da nake rubutun nan. A jerin ƙananan manhajojin da kuka ce sai an girka kafin taku ta yi aiki, sunan ɗaya ya rasa harafi. A yau wanda ya kwafa zai ga saƙon cewa babu mai wannan suna, ya yi tsaki ya gyara. Gobe fa? Rumbunan da ake sauko da irin waɗannan manhajoji a buɗe suke, kowa na iya yin rajistar sunan da ba a ɗauka ba. A 2017 an kama wata muguwar manhaja a rumbun npm mai suna crossenv, wadda ta kwaikwayi sunan cross-env ta gaskiya, karan ɗori kawai aka cire. Duk wanda ya girka ta, sai ta kwashe bayanan saitin kwamfutarsa, inda mutane kan ajiye kalmomin sirri da makullai, ta aika wa mai ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ku kuwa da hannunku kuka tsaga, kuka kafa alama a kai.

Wani abin da na ga kamar ba ku sa a lissafi ba shi ne su waye ke karanta jagorar. Wanda aka haifa cikin Turanci yana ganin kalma a karkace ya miƙe ta a ransa ya wuce. Da yawanmu ba haka muke ba. Wani ƙamus yake buɗewa ya nemi kalmar da babu ita. Wani manhajar fassara yake ba shafin, ita kuma ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba ta ƙaga mata ma'ana. Ko binciken kalma a cikin shafi ba ya cin nasara in an rubuta ta ba daidai ba. Ga kuma yadda kuke musaya tsakanin should (an fi so) da must (dole) kamar abu ɗaya ne. Tun 1997 masu tsara ƙa'idojin intanet suka fitar da takardar RFC 2119 don kawai su fayyace wace kalma ke nufin dole, wacce ke nufin an fi so, wacce ke nufin ganin dama. Mai girka manhaja yana bukatar sanin matakin da zai iya tsallakewa da wanda in ya tsallake zai kwana yana gyara.

Kuma kuskuren rubutu in ya daɗe yakan yi saiwa. Kalmar Referer da kowace burauza ke aikawa har yau ta rasa harafin r guda ɗaya. Haka ta shiga takardar ƙa'idar HTTP, wadda burauza ke bi wajen karɓo shafukan intanet, a 1996, kafin a farga duniya ta yi gini a kanta, gyara ya gagara. Naku bai kai nan ba tukuna, amma na fara ganin umarninku mai dogon kara a rubuce-rubucen wasu da suka kwafa daga wajenku.

Abin da nake nema bai da yawa. Ku sake buɗe gyaran da na aiko, wani ya karanta shi da idon basira, in akwai inda na yi kuskure a nuna mini. Sunan manhajar nan da ya rasa harafi ku gyara shi yau, kada ya jira sauran. Kowane umarni a sa shi cikin akwatin rubutun lamba, inda babu abin da zai taɓa masa kara ko alama. Sannan kafin ku fitar da sabuwar siga, ku zaunar da mutum ɗaya da bai taɓa ganin manhajar ba a gaban sabuwar kwamfuta, ya bi jagorar daga farko zuwa ƙarshe da kwafa da liƙawa kawai, ku kuma ku yi shiru ku kalli inda zai tsaya. Ina da tabbacin ba zai wuce mataki na 4 ba.

Gyaran yana nan a shafinku, ƙarƙashin waɗanda aka rufe. Ina jiran amsarku a can.

Naku,
Mai amfani da manhajarku